Jirgin da Ke Tafiya Shi Ke Gadin Dogo

Duk wanda ya taɓa buɗe littafin tarihi a firamare ya san hoton dalar gyaɗar Kano: buhuna hawa bisa hawa, lebura ɗauke da buhu a ka yana taka su kamar mai hawan dutse. Muna nuna hoton da alfahari, kuma ya cancanci haka. Abin da ba a cika gaya wa yara ba shi ne, dalar nan jerin gwano ce ta jiran jirgi. Gyaɗar da manoman Kano da Katsina da Haɗeja suka noma ta fi ƙarfin taragun da ake da su, musamman a shekarun da suka biyo bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai aka riƙa jibge ta ana lulluɓewa da tamfol har layi ya zo kanta a kwashe zuwa Legas. Da babu dogo, da babu dala. Yau muna da hoton dalar a bangon ofisoshi, amma dogon da ya haife ta ciyawa ta rufe shi, wani wurin ma an tumɓuke shi an kai wa 'yan gwangwan.

Ina daga cikin masu son a dawo da jirgin fasinja da gaske, ina kuma daga cikin masu jin ciwon ganin tsofaffin tashoshi suna rushewa. Na daɗe ina lura cewa waɗannan mutane biyu ba su cika zama inuwa ɗaya ba. Masu maganar sufuri suna kallon masu maganar tarihi a matsayin masu begen jiya, su ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Masu maganar tarihi kuma burinsu bai wuce a shafa wa tsohon kan jirgi fenti a kewaye shi da waya ba. A ganina yaƙinsu ɗaya ne, kuma duk wanda ya shiga shi shi kaɗai zai sha kaye.

Bari mu tuna abin da muke magana a kansa. Jirgi ya iso Kano a 1911, ta layin da aka faro daga Baro a bakin Neja a 1907, lokacin Gwamna Percy Girouard, wanda dama injiniyan jirgin ƙasa ne. Tsawonsa ya haura mil 350. A 1912 aka haɗe shi da layin da ya taso daga Legas, wanda ya riga ya kai Ibadan tun 1901. Daga nan rassa suka yi ta fitowa: ƙaramin layin Zariya zuwa Jos saboda kuza, wanda aka rufe a 1957; layin Zariya zuwa Ƙauran Namoda ta Funtuwa da Gusau a 1929; layin Kano zuwa Nguru a 1930; gadar Makurɗi a 1932 da ta ɗinke layin gabas daga Fatakwal; sai na ƙarshe, wanda ya bi ta Bauchi da Gombe ya shiga Maiduguri a 1964. Jimilla kimanin kilomita 3,500 na siririn dogo.

Turawa ba don Allah suka shimfiɗa shi ba, wannan kowa ya sani. Auduga suke nema wa masaƙun Ingila. Manomin Kano ya yi lissafinsa ya ga gyaɗa ta fi riba, ga shi in kasuwa ta faɗi iyali za su ci, sai ya ba audugar baya. Fatake da suka saba da safarar goro daga Gwanja suka juya akala, cikinsu har da Alhassan Ɗantata. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa tarihin dogo ba tarihin Bature ba ne shi kaɗai. Kuma wa ya haƙa ƙasar? Talakawan da aka rubuto ta hannun sarakuna da hakimai, gari-gari, aka tura su aikin diga ko suna so ko ba sa so. Duk wanda ya ce mini dogo kayan mulkin mallaka ne, a bar shi ya ruɓe, sai in tambaye shi: gumin wa ke ƙarƙashinsa? Bature ya zana taswira ya koma gida. Kakanninmu ne suka ɗauki ƙasa a kwando.

To me ya rage mana na gado? Idan aka ce kayan tarihin jirgi, hankalin mutane yakan tafi ga tsohon kan jirgi mai cin kwal. Akwai irinsu. A tashar Minna akwai ɗan kan jirgin da ya yi aiki a gajeren layin Wushishi da Zungeru a farkon ƙarnin jiya, gidan tarihi na Jos ma yana da abubuwan da suka rage daga ƙaramin layin kuza. A Ebute Metta ta Legas, ƙungiyar Legacy 1995 ta gyara wani tsohon gidan ma'aikatan reluwe, Gidan Jaekel, ta mai da shi ƙaramin gidan tarihi. Aiki ne na a yaba. Sai dai gadon da ya fi duk waɗannan daraja ba ya shiga akwatin gilashi, wato ita kanta hanyar: zirin ƙasa mai tsawon dubban kilomita, wadda aka riga aka daidaita, aka cike kwari, aka fasa tudu, aka yi gadoji, kuma ta ratsa tsakiyar garuruwa. Tsakiyar nan ita ce maganar. Dogo bai je ya sami Kafanchan da Kaduna da Sabon Garin Zariya a yadda suke ba, a gefensa suka girma. Tashar Kano tana nan cikin hada-hadar kasuwanci, tafiyar ƙafa ce zuwa Kantin Kwari da kasuwar Sabon Gari. A yau wace gwamnati ce za ta iya biyan diyyar irin wannan hanya a cikin Kano?

Dubi sabbin layukan. Na Abuja zuwa Kaduna, kilomita 186, da aka buɗe a 2016, yana tashi daga Idu ya tsaya a Rigasa, duk a gefen gari. Na Legas zuwa Ibadan da aka buɗe a 2021 yana ajiye mutane a Moniya. Ban ga laifin injiniyoyi ba, domin a bayan gari ne ake samun fili mai araha. Amma sakamakon shi ne fasinja ya sauka daga jirgi ya sake neman mota ko keke-napep, wani lokaci wahalar wannan ɗan guntun ta kusa kai ta doguwar tafiyar. Maganin yana kwance a ƙarƙashin ciyawa. Legas ta gane haka: jan layin jirginta na cikin gari, daga Agbado zuwa Oyingbo, da ya fara aiki a 2024, cikin tsohuwar hanyar reluwe aka bi da shi. Da an bari an gine wannan hanya da shaguna, da har yanzu ana kotu.

Kuma ginewa ake yi. Duk wanda ya bi gefen dogo a garuruwanmu ya ga yadda rumfa ke matsowa, bana langa-langa, baɗi bulo. Ya ga bola. Ya kuma ji labarin tireloli da jami'an tsaro ke kamawa shaƙe da yankakken dogo. A nan ne nake ganin masu son tarihi suka kasa gane inda amfaninsu yake. Babu yawan masu gadin da za su tsare kilomita 3,500. Ba a kuma satar dogon da jirgi zai bi gobe da safe, ko an yi ƙoƙari, kafin azahar an sani. Inda jirgi ke wucewa akwai ma'aikacin da ke taka layi yana duba ƙusa, akwai shugaban tasha da ke kwana a gidan tasha, akwai mai kunun zaƙi da mai rake da mai dafaffen ƙwai da abincinsu ya rataya ga isowarsa, kuma duk idanu ne. Gidan da ake kwana a ciki ba ya zama kango. Ranar da jirgi ya daina zuwa, ranar ce aka fara kwance rufin tasha, ko da kwanon zai ƙara shekara goma a sama.

Wasu ƙasashe sun riga mu koyon wannan darasi, wasu da tsada. A Birtaniya, rahoton Beeching na 1963 ya ba da shawarar rufe tashoshi sama da 2,000 da kimanin mil 5,000 na dogo, aka kuma rufe da yawa. Bayan rabin ƙarni, da Sukotilan ta so dawo da wani yanki na layin da aka rufe a 1969, sai da ta kashe ɗaruruwan miliyoyin fam kafin ta buɗe mil 30 kacal a 2015, har da sayen gidajen da aka riga aka gina a kan hanyar. A Birtaniyar dai, tun 1951 wasu 'yan sa-kai suka karɓi ƙaramin layin Talyllyn a yankin Wales, kuma hanyar da suka bi suka adana shi ita ce ci gaba da ɗaukar fasinja. Indiya ta fi kusa da halinmu. Tsohuwar babbar tashar Mumbai tana cikin jerin wuraren tarihi na UNESCO tun 2004, kuma har gobe ma'aikata ke tururuwa a cikinta safe da yamma. Layin dutsen Darjeeling ya shiga jerin a 1999 yana kan aikinsa. Ko a nan Afirka, Kenya ta buɗe sabon layin Mombasa zuwa Nairobi a 2017, amma ba ta yar da tsohon ba: ta gyara reshen Nanyuki a 2020, ta dawo da jirgin fasinja zuwa Kisumu a ƙarshen 2021. Gida biyu maganin gobara.

Za a ce siririn dogo ya tsufa, duniya ta koma mai faɗi. Faɗin namu ƙafa uku da rabi ne, milimita 1,067. Irinsa ne Jafan ke amfani da shi a mafi yawan layukanta, in ka cire na jirgin nan mai gudun tsiya, kuma jiragenta na gudun sama da kilomita 100 a sa'a a kansa. Irinsa ne a Afirka ta Kudu, inda ake jan dogayen taragun ma'adinai masu nauyin gaske. Abin da ya mai da jirginmu mai tafiyar hawainiya shi ne dogon da ba a canja ba, tsakuwar da ruwa ya kwashe, gadar da ba a duba ba. Rashin kulawa ne aka laƙaba wa sunan tsufa. Ina goyon bayan sabon layin Kaduna zuwa Kano, ina kuma ɗokin ganin na Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, da aka aza harsashinsa a 2021, wanda zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, ya sada zumuncin da iyakar Turawa ta raba. Amma mu faɗa wa juna gaskiya: mutumin Birniwa ko Tsafe zai daɗe yana jiran sabon dogo mai faɗi. Wanda yake da shi a ƙofar gida shi ne tsohon, kuma da tsohuwar zuma ake magani.

Za a kuma ce jirgin fasinja ba ya kawo riba. Gaskiya ne, a mafi yawan ƙasashen duniya kuɗin tikiti ba ya biyan kuɗin aiki, gwamnati ke cikawa. To titin Kano zuwa Haɗeja nawa yake kawowa baitulmali? Ba wanda ya taɓa cewa a rufe titi don bai yi riba ba. Ribar hanya tana aljihun wanda ya bi ta. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya sa mutane da yawa sun rage zumunci, ɗalibi yakan yi hutu a makaranta, mai jinya yakan haƙura da zuwa asibitin birni. Jirgi ɗaya mai tarago goma yana kwashe abin da motocin haya masu yawa za su ɗauka, da man da bai kai nasu ba. Akwai kuma lissafin da ba a yi da naira. A watan Oktoban 2024 tankar mai ta faɗi ta kama da wuta a Majiya, ƙaramar hukumar Taura a Jigawa, mutum sama da 150 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Dogon Kano zuwa Nguru ta wannan ƙaramar hukumar ya ratsa. A da, taragun tanki ne ke kai mai Arewa. Layin da aka gyara don fasinja shi ne kuma zai sauke wa titi irin wannan kaya.

Maganar da ta fi nauyi ita ce tsaro, kuma ba zan kauce mata ba. Ranar 28 ga Maris 2022 'yan bindiga suka tayar da bam a kan layin Abuja zuwa Kaduna, suka kashe mutane, suka tafi da sama da 60 daji. Na ƙarshensu sai a watan Oktoba suka dawo, jirgin kuma bai koma aiki ba sai Disamba. Duk wanda zai ce a tura jirgin fasinja daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda gobe, ta dazukan Tsafe, bai ɗauki ran mutane da muhimmanci ba. Amma a tuna dalilin da ya cika wancan jirgi da mutane: titin ne ya riga ya gagara. Mutane ba su daina tafiya don an tsayar da jirgi ba, sun koma inda haɗarin ya fi. Abin da hankali zai ɗauka shi ne a fara da inda ake da sauƙi, a yi tafiyar rana, a kuma hana sace dogo a inda jirgi bai iya zuwa tukuna, domin in an samu zaman lafiya a tarar da abin da za a gyara.

Akwai wani gado da ya fi ƙarfe saurin ɓacewa. Tsofaffin ma'aikatan reluwe suna nan a Zariya da Kafanchan da Minna da Bauchi, 'yan fansho, shekaru sun ja. Akwai wanda ya san kowace gada tsakanin Kano da Nguru, ya san inda ruwa ke cin ƙasa duk damina, ya san kwanar da direba ke rage gudu. Wannan ilmi bai shiga kwamfuta ba. Haka ma takardu: zanen gadoji, taswirar iyakar filayen reluwe, littattafan tasha. Mai tarihi zai kira su kayan bincike. Lauya kuwa zai gaya maka cewa ranar da gara ta cinye taswirar iyaka, ranar ce filin ya zama na wanda ya fi ƙarfi. Muna da cibiyar koyar da fasahar sufuri a Zariya, muna da jami'ar sufuri a Daura, ga sassan tarihi a jami'o'in Ahmadu Bello da Bayero. Me zai hana a tura ɗalibai da na'urar ɗaukar magana su zauna gaban waɗannan dattawa? Kuɗin da za a kashe bai kai na kilomita ɗaya na sabon dogo ba. Kuma za su ji fiye da maganar ƙusa da tsakuwa. Za su ji labarin yajin aikin gama-gari na 1945, wanda ma'aikatan reluwe ƙarƙashin Michael Imoudu suka zama ƙashin bayansa, aka shafe sama da kwana 40 ƙasa a tsaye. Za su ji yadda Bayarabe da Ibo da Banufe da Bahaushe suka zauna a kwatas ɗaya 'ya'yansu suka tashi da Hausa a baki. Za su kuma ji na 1966, lokacin da taragun nan suka kwashi mutane masu gudun ceton rai. Wannan ma tarihinmu ne, kuma tasha ta fi kowane aji dacewa da a faɗe shi.

Baro ta ishe mu misali. Daga nan dogon Arewa ya fara. Da aka gama gadar Jebba, kaya suka koma bin hanyar Legas kai tsaye, reshen Minna zuwa Baro ya yi ta ja da baya har aka bar shi. A watan Janairun 2019 aka ƙaddamar da sabuwar tashar jiragen ruwa a Baro, da na'urorin sauke kaya, amma shekaru suka wuce ba hada-hada, babban dalili kuwa rashin hanyar kirki da za ta fitar da kayan. Hanyar da ake nema ita ce wadda kakanni suka haƙa da diga tun 1907. Da an riƙe ta ko da jirgi ɗaya ne a mako, da ba a fara daga tushe ba.

Wa zai yi? A da amsar ɗaya ce, domin tun 1955 harkar jirgin ƙasa tana hannun hukumar tarayya ita kaɗai. Gyaran tsarin mulki na watan Maris 2023 ya canja wannan, yanzu jihohi ma suna da hurumi. Gwamnonin Arewa ba su da sauran uzurin cewa abin na Abuja ne. Ba sai sun ciwo bashin biliyoyin dala ba. Jihohi uku, Kano da Jigawa da Yobe, za su iya zama da hukumar jiragen ƙasa su ɗauki layin Kano zuwa Nguru, wanda bai kai kilomita 250 ba, ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, ba dutse ba babban daji. A gyara inda ya lalace. A sa jirgi ɗaya da zai tashi Nguru da asuba, ya tsaya Birniwa da Malam Madori da Gagarawa da Taura da Ringim, ya shiga Kano da hantsi, ya juya bayan la'asar, kullum, a kan lokaci, har mai kifi da mai tattasai su san za su iya dogara da shi. Tsofaffin gine-ginen tasha kada a rushe su a kafa na gilashi. A gyara rufi, a mayar da allon sunan gari, ɗaki ɗaya na sayar da tikiti, ɗaya na jira, ɗaya kuma a rataya hotuna da tsohuwar fitilar hannu da tutocin ba da hanya, a ɗauki ɗaya daga cikin 'yan fanshon garin ya riƙa yi wa 'yan makaranta bayani. Duk Asabar a ware tarago guda ga ɗaliban firamare, waɗanda yawancinsu ba su taɓa jin ƙarar jirgi ba sai a waya, a kai su Ringim a dawo da su kafin magariba.